Igiyar da Hure Ta Tufka

Sambo ya zo neman aiki wurinmu da igiya ɗaure a ƙugunsa. Muna bayan garin Gummi a lokacin, gefen fadama, muna huda ramukan ginshiƙan wata ƙaramar gada da manoman shinkafa za su riƙa ƙetarawa da kayansu. Ni ne direban injin hudar, sunana Surajo. Shekara ashirin da biyu ke nan ina kan injuna, kuma duk leburan da zai tsaya kusa da injina sai na duba shi da idona, ko da injiniya ya riga ya amsa masa.

Na duba shi. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, zai kai sittin. Ba riga mai hannu, ba rawani, 'yar shara ce a jikinsa da wando iya ƙwauri. Wannan duk ya yi mini. Igiyar ce ba ta yi mini ba. Ta rama ce, kaurin babban yatsa, ya naɗa ta sau uku, ƙarshenta kuma an yi masa zarge yana lilo a gefen cinyarsa.

Na ce, "Baba, kwance wagga igiya tukuna mu yi magana."

Ya ce, "Mu yi maganar hakanan, ɗana. Ba ta jin Hausa."

Ɗanjuma, leburan da ya fi kowa daɗewa tare da ni, ya kuma fi kowa baki, ya jingina da sheburinsa ya ce, "Baba, wa ya kwanto ka daga turke? A maida maraƙi gida kafin uwarsa ta fara kuka."

Sambo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ni dai akwai mai ɗaure ni. Kai wa ya damu ya ɗaure ka?"

Aka kwashe da dariya, don wata na biyu ke nan matar Ɗanjuma tana gidan iyayenta. Sambo bai san haka ba, dacewa ya yi.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, tarakta ce aka rataya wa wani dogon ƙarfe a tsaye a bayanta, mai faffaɗan baki da ya murɗe ya naɗe shi daga ƙasa har sama. Idan na ja liba, ƙarfen ya juya ya nutse, bakin nan yana kwaso ƙasa yana turo ta waje. Ramin da mutum huɗu za su yini a kansa, shi kafin shayi ya huce ya gama. A ido juyinsa ba sauri, kuma abin da ke ruɗin mutane ke nan. Duk abin da ya kama, tsumma ne ko saiwa ko hannun mutum, naɗe shi yake yi ya ci gaba da juyawa.

Na san haka ne a Anka, shekara tara kafin zuwan Sambo, muna huda ramukan turakun wuta. Wani lebura, Shafi'u, ya dawo daga masallacin Juma'a da kaftaninsa. Rami ɗaya ya rage, sai ya ga ba sai ya sake kaya ba. Ya sunkuya zai janye ƙasa daga bakin ramin, hannun rigar ya taɓa ƙarfen. Tsakanin ganina da kai hannuna ga makulli, ƙarfen ya juya sau uku. Shafi'u ya rayu. Yana nan tashar Anka yana sayar da katin waya, da hagu yake miƙo mini hannu in mun haɗu, kuma kullum sai ya ce ba laifina ba ne. Ni dai na san hannun wa ke kan libar. Tun ranar na kafa dokata: ba riga mai hannu, ba rawani, ba carbi a wuya, ba laya mai lilo. Ba na dogon bayani a kai. Wanda ya ƙi, ga hanya.

Da Sambo ma hanyar zan nuna masa, sai ya yi wani abu. Ya je tsibin ƙasar da muka fitar daga ramin safe, ya damƙo ta, ya murza, ya sansana, har ya ɗora kaɗan a harshe. Ya ce wa Injiniya Abdulƙadir, mai kula da aikin, "Ranka ya daɗe, in kunka ƙara kamu huɗu ƙasa za ku tarad da rairayi mai gudu. Ramin ga ruhewa zai yi kafin ku zuba kankare."

Injiniya ya duba takardarsa ya ce laka ce har ƙasa. Muka ƙara kamu huɗu. Da na ɗago ƙarfen, muna tsaye muna kallo bangon ramin ya zube ciki kamar gari. Injiniya ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce da ni, "Surajo, wannan mutumin namu ne. Ka san yadda za ka yi da igiyarsa."

Yadda na yi shi ne na ba shi baro, na sa shi kwashe ƙasa can nesa, na kuma ce ya cusa zargen cikin wando. Ya cusa.

A wata biyun da suka biyo baya na san shi kaɗan kaɗan, yawanci lokacin cin abincin rana a gindin wata ƙirya. Mutumin Gwashi ne, ta ƙasar Bukkuyum. Ubansa mai haƙar rijiya ne, kakansa ma haka. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka fara zura shi ƙasa. Ya ce bai san yawan rijiyoyin da ya haƙa ba, amma daga Gwashi har Anka da wuya ka yi tafiyar yini ba ka sha ruwan hannunsa ba. Lokacin da zinariya ta ja mahaƙa zuwa Sunke, abokansa da yawa sun tafi, shi bai je ba. Ya ce ramin da ba ruwa ake nema a cikinsa ba, bai san yadda ake gaisawa da shi ba. Daga baya burtsatse ta yawaita, aka rage kiransa, hanyoyin ƙauye ma suka daina biyuwa yadda aka saba. Sai ya kwaso iyalinsa ya dawo Gummi, ya shiga leburanci da furfurarsa.

Bai taɓa yin latti ba. Bai taɓa cewa ya gaji ba, sai dai ka ga ya tsaya ya dafa baro ya dubi sama kaɗan. Idan wani ya bar shebur a kife a hanya, ba ya faɗa, ɗauka yake ya wanke ya jingine, mai shi ya ji kunya da kansa. Furarsa kullum da yawa take, don matarsa Hure 'yar makiyaya ce, nono take sayarwa, kuma rabin gorar a cikin Ɗanjuma take ƙarewa, suna sha suna zagin juna. Injin kuwa Kurma yake kiransa. Ya ce a rijiya in ka girgiza igiya na sama sun ji ka, wannan kuwa ko ihu ka yi ba ya waiwaye.

Igiyar, ya ce, ta mahaƙa ce. Kafin ka sauka, a zargen nan ake ƙulla doguwar igiyar da mutanen sama ke riƙe da ita. In ƙasa ta rufta, da ita za a jawo ka. Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan.

Matsalar ita ce aikin da muka fi bukatarsa a kai yana bakin rami. Ƙasar da ta sha iska a baro ba ta gaya masa komai, sai wadda ta fito yanzu da danshinta. Sai ya riƙa matsowa. Yau taki biyar, gobe uku. Injiniya na jin daɗi, don tun zuwansa ba mu sake asarar rami ba. Ni kuwa idona ya bar ƙarfe ya koma kan ƙugun tsoho, kuma direban da ke kallon wuri biyu ba ya ganin ko ɗaya.

Na ga magana ba za ta yi ba, sai na nuna masa. Wata safiya na cika buhu da yashi, na ɗaura masa wata tsohuwar igiyar roba da muke ɗaure tamfol da ita, na tara leburori. Na tada inji, na sa Ɗanjuma ya tura bakin igiyar da doguwar sanda. Ƙarfen ya kama ta, buhun ya zabura ya yi taki biyu, sai igiyar ta tsinke, don rana ta riga ta cinye ta. Buhun ya kwanta lafiya lau.

Ɗanjuma ya ce, "To, Malam Buhu ya tsira. A yi mai barka."

Sambo ya ɗauki guntun igiyar ya juya ta a hannu, ya yamutsa fuska. "Wagga ai ba igiya ba ce. Ta Hure ba ta tsinkewa. Ko raƙumi ka rataya mata."

Na ce, "Baba, abin da nike tsoro ke nan."

Na ga ya gane, don ba wawa ba ne. Amma bai kwance ba, ya dai ƙara cusa zargen, ya koma wurin baronsa.

Ranar Alhamis ta makon, wajen hantsi, muna rami na goma sha ɗaya. Ƙasa ta fara fitowa da wani launi, ja-ja haka. Sambo ya ajiye baro ya matso. Ya sunkuya ya miƙa hannu zai damƙo, sai zargen ya zame daga wandonsa ya yi lilo gaba. Tsakaninsa da bakin ƙarfen bai kai tafin hannu ba. Na kashe inji. Ƙarfen ya ƙarasa juyinsa ya tsaya, zargen ya koma ya kwanta a cinyarsa. Shi bai ma gani ba, yana sansanar ƙasa.

Na sauko daga kan injin. Ban taɓa ɗaga wa sa'an ubana murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na karɓe ƙasar daga hannunsa na zubar, na ce, "Baba Sambo, ko igiya ko aiki. Yanzu."

Ya dube ni, ya dubi injiniya. Injiniya ya kau da kai. Sambo ya kakkaɓe hannuwansa, ya je ya wanke baron tas, ya kife shi, ya ɗauki gorar furarsa ya ajiye gaban Ɗanjuma. Ya ce, "Allah shi ba mu alheri." Ya kama hanyar gari. Ɗanjuma bai taɓa furar ba har aka tashi.

Na san abin da na yi. Mutum mai shekara sittin, da mata da 'ya'ya mata biyu a gabansa da jikoki uku na ɗansa da ya rasu, ba wanda ke rububin ɗaukarsa lebura. Na kuma san da in bar shi kusa da ƙarfen nan da igiya a ƙugu, gara yunwar.

Washegari bayan an sauko Juma'a na tambayi gidansa, can ƙarshen gari wajen da ake ɗaure shanu. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, igiyar na ƙugunsa, zargen na leƙowa ta ƙarƙashin rigar Juma'a. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ya aika a kawo ruwa, sai ga matarsa Hure ta kawo da kanta, doguwar tsohuwa siririya, da zaren rama rataye a kafaɗa. Ta ajiye kwanon, ba ta koma ba.

Ta ce, "Kai ne direban?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Kai ka kore shi."

"Ni ne."

"To madalla, ba ka da ƙarya. Ya gaya maka abin da ya sa ba ya kwance ta?"

Sambo ya ce, "Ke, bari."

Ba ta ko dube shi ba. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa kiran sunansa ba, "shi" take cewa, ko maigida. Ta zauna a dokin ƙofa ta ba ni labarin. Shekararsu biyu da aure, tana da cikin fari, ya sauka wata rijiya a wani ƙauye kusa da Bukkuyum. Ƙasa ta rufta masa a zurfin gaba goma sha biyu, ta binne shi har kai. Igiyar kasuwa ce a ƙugunsa ranar. Mutane suka ja, ta tsinke. Sai da ƙanensa ya sauka ya tona da hannu ya gano kafaɗarsa. Da aka kawo shi gida a kan ƙyaure, yashi take ciro masa daga hanci da kunne. Ya yi kwana uku bai san inda yake ba.

Ta ce, "Ni tun ina ƙarama nike tufka wa maruƙan babana igiya, ba wadda ta taɓa tsinkewa. Yana kwance na tufka mai irin wagga na ɗaura mai, da ya tashi na ce ya rantse mini da Allah ba zai ƙara tsayawa bakin rami ba sai tana ƙugunsa. Ya rantse. Duk kaka in anka yanke rama sai in sake mai sabuwa. Sau biyu bayan nan ƙasa ta kama shi, sau biyu igiyata ta maido mini shi. Yanzu kai yaron jiya ka ce a kwance."

Sambo na ta kallon ƙotar fartanyarsa, kunya ta kama shi kamar an tsare yaro da satar gyaɗa. Wata biyu muna cin abinci tare, ya gwammace in ɗauke shi mai taurin kai da ya ce mini rantsuwa ya yi wa matarsa.

Na ce, "Inna, a rijiya mutane ke jan igiyar. Wurinmu ƙarfe ke ja, kuma ciki yake ja."

"Ba kana da makulli ba? Ƙasa ce ba ta da makulli."

"Ina da shi. Na taɓa kashewa, ban yi sauri ba."

Ban iya jayayya ba, ban kuma iya lallashi ba. Na ce, "Ki zo ki gani da idonki. Ki taho da igiyarki, kada ki ce tawa ce ba ta da kyau."

Ranar Asabar ba su zo ba. Ranar muka rasa rami na goma sha biyu, rairayi ya cinye shi, injiniya ya yini yana huci yana harara ta. Lahadi da hantsi sai ga su a kan gaɓar fadama, ita a gaba da ƙwaryar nono a ka, shi a baya.

Ɗanjuma ya ce, "Ga mai turke ta kawo maraƙinta da kanta. Sannu da zuwa, Gwaggo."

Ta ce, "Kai ne mai shanye mai fura? Ai na gane ka da tumbin."

Ta sauke ƙwaryar a gindin ƙiryar, ta kwance sabuwar igiya daga cikin zanenta, wadda ta tufka ta ajiye masa don canji. Na cika buhu da yashi daidai nauyin mutum. Ta ce in dakata. Ta sa Sambo ya cire 'yar shararsa, ta sanya wa buhun, sannan ta naɗa igiyar sau uku da hannunta, ta yi ƙullin da ta saba, ta bar zargen yana lilo. Ta koma ta tsaya inda na nuna mata, ta harɗe hannuwa.

Na hau na tada inji. Na ce mata, "Inna, da kin ga ya kama, ki ɗaga hannu, ni kuma in kashe."

Ɗanjuma ya tura zargen da sanda.

Ta ɗaga hannun, ba ta yi jinkiri ba, ni ma ban yi ba. Amma kafin ƙarfen ya tsaya, buhun ya bar ƙasa, ya bugi ƙarfen, ya naɗe a jikinsa ya fashe. Yashi ya watsu har kan ƙwaryar nono. Rigar ta rabu gida uku. Igiyar kuwa tana nan lafiyarta ƙalau, ta shige cikin buhun ta matse shi a tsakiya har ya koma kaurin damtse. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Hure ta taka a hankali ta je gaban ƙarfen, ta shafa igiyarta, ta ja ta da yatsa ta ji ƙarfinta. Ta ciro guntun rigar ta riƙe. Sannan ta juyo wurin mijinta, wanda ke tsaye ba riga, tsohuwar igiyar a kan fatarsa.

Ta ce, "Matso."

Ya ce, "A gaban mutane?"

"A gaban mutane na ɗaura maka ta hwarko, kana kwance ba ka sani ba. Matso."

Ya matso. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Da igiyar ta faɗi, sai ga shatinta a ƙugunsa, fari fat, zagaye uku, inda rana ba ta taɓa gani ba. Leburori suka kau da kai. Ta ce, "Na sauke maka rantsuwar. Abin da ke tsakaninka da Allah kuma ka tambayi liman Modibbo."

Ta naɗe igiyar a hannu. Na zaci gida za ta kai ta. Sai ta dubi injin ta ce da ni, "Daga ina abin ga yake iya kamo mutum?"

Na taka na nuna mata, na ƙara taki biyu a kai. Ta ce a sara mata turaku shida. Ɗanjuma ya saro, ta nuna inda za a kafa kowane, zagaye da ramin, yadda ake kafa wa maruƙa. Ta warware sabuwar igiyar daga jikin ƙarfen, ta haɗa da tsohuwar, ba su kai ba, ta ce a cike da tsumma kafin ta tufko doguwa. Ta ce, "In Kurman ga yana juyi, ba mai ƙetare wagga. In ya tsaya ku shiga ku yi abin da za ku yi." Ta dubi Sambo. "Har kai. Ƙasar ba gudu za ta yi ba, ka jira ta."

Shekara tara ina korar mutane da baki daga bakin ƙarfen nan, ban taɓa tunanin kafa turke ba.

Injiniya ya ce hakan zai rage mana sauri, tunda sai an kashe inji duk lokacin da za a janye ƙasa. Na ce zai rage. Ya dubi buhun da ya fashe, ya ce a ci gaba.

Ranar farko ba igiya ta yi wa Sambo wuya, ban ɓoye ba. Da na kashe inji ya ƙetara zai duba ƙasa, sai na ga ya tsaya taki ɗaya kafin bakin ramin, hannunsa yana laluben ƙugu. Mutumin da ya sauka gaba ashirin cikin ƙasa, ga shi ya kasa matsawa bakin ramin da bai kai tsayinsa biyu ba. Ɗanjuma ya lura. Bai yi tsiya ba wannan karon, ya dai je ya kama shi ta bayan wando ya riƙe, yana kallon wani wuri daban, har tsohon ya damƙo ƙasarsa ya miƙe. Kusan mako guda suna haka. Modibbo, limamin unguwarsu, ya ce ya yi kaffara, tunda ba shi da halin ciyarwa sai ya yi azumi uku. Ya yi su a jere cikin zafin nan, yana tura baro, Ɗanjuma na gunaguni an yanke masa fura.

Doguwar igiyar ta iso bayan kwana goma, kamu arba'in. Sambo ya zama mai kafa ta da safe, mai naɗe ta da yamma, ba wanda ya ba shi aikin. Ya kuma tsare ta fiye da yadda na taɓa tsare dokata. Wata rana ɗan kwangila ya kawo baƙi ganin aiki, ɗaya daga cikinsu da babbar riga mai aiki har ƙasa, waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ya ɗaga ƙafa zai ƙetara igiyar ƙarfe na juyi. Sambo ya gitta masa ƙotar shebur a ƙirji.

Mutumin ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"

Sambo ya ce, "Ni na sani, ranka ya daɗe. Shi ne bai sani ba." Ya nuna injin da haɓa.

Mutumin ya ja da baya yana ƙunƙuni. Da yamma ɗan kwangila ya kira ni ya ce tsohon nan ba shi da ladabi. Na ce in za a kore shi a nemi wani direban. Ba a kore shi ba.

Mun gama gadar kafin ruwa ya sauka. Daga nan muka yi aiki a Bukkuyum, muka koma Anka, duk tare da shi, shekara huɗu. A Anka na kai shi tasha ya ga Shafi'u. Suka gaisa, Sambo ya riƙe hannun hagun nan da hannuwansa biyu ya daɗe bai saki ba.

Bara gwiwa ta hana shi tura baro, ya ajiye aiki. Yana Gummi, yana zama a zaure, masu son haƙa rijiya ko masai suna kawo masa ƙasa a leda ya sansana ya gaya musu abin da ke ƙasa. Yatsunsa goma cif. Idan na bi ta garin nakan tsaya, mu zauna, ba ma yawan magana. Har yanzu in zai tashi sai hannunsa ya je ƙugu ya gyara abin da ba ya nan.

Da kakar nan na je, Hure ta fito da sabuwar igiyar kewaye inji ta ajiye mini a gaba, ta ce in kawo tsohuwar ta gani. Na ɗauko daga mota. Ta bi ta kamu kamu da yatsa, ta sami inda ta goge.

Ta ce, "Wani yana taka ta."

Na ce, "Ɗanjuma ne."

Ta ce in gaya masa ta gani.